Ruwan da ya kawo kwalara shi ke yanke hanyar asibiti

Guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na ƙasar Mozambik a tsakiyar watan Maris na 2019. Ta yaye rufin gidaje, ta karya turakun lantarki, ta tsayar da injinan da ke tura ruwan famfo, ambaliya kuma ta cinye titin da ya haɗa birnin da sauran ƙasar. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ɓullar kwalara. Duk wanda ya san halin cutar ya ɗauka za a kwashi gawarwaki. Amma da ƙura ta lafa, waɗanda suka kamu kusan 6,700 ne, waɗanda suka rasu kuwa mutum takwas. Shekara uku bayan haka, a maƙwabciyarta Malawi, guguwar Ana da wadda aka laƙaba wa suna Gombe suka biyo juna a farkon 2022. Kwalara ta ɓulla a watan Maris, ta ƙi tafiya da rani kamar yadda ta saba, ta haye cikin wata daminar, har guguwar Freddy ta zo ta same ta a 2023. Cutar ta kama mutum kusan 59,000, ta kashe fiye da 1,700, annobar kwalara mafi muni a tarihin ƙasar.

Ƙwayar cutar ɗaya ce, yankin duniya ɗaya ne, guguwa ce ta buɗe ƙofar a wuraren biyu. A Beira idon duniya na kai, masu agaji sun riga sun sauka da kayansu saboda guguwar, an hanzarta dawo da ruwan famfo, an kuma ba mutum fiye da 800,000 a birnin da gundumomin kewaye rigakafi cikin kwana shida a farkon Afrilu. A Malawi cutar ta yi ta rarrafe a ƙauyuka da garuruwan masunta na bakin tafki, inda mai gudawa zai kwana ya wuni bai ga ma'aikacin lafiya ba. Wannan tazarar, tsakanin lokacin da ciki ya fara zuba da lokacin da ruwa ya fara komawa jiki, ita ce jigon batun. Duk wani shiri da bai rage ta ba, takarda ce kawai.

Dalilin yana cikin yadda cutar take kisa. Ƙwayar kwalara na shiga ta ruwa ko abincin da ya gurɓata da bayan gida, ta zauna a ƙaramin hanji, ta saki dafin da ke sa hanjin ya riƙa tuttuɗo da ruwa da gishirin jiki. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu, sa'a 12 ne zuwa kwana 5. Yawancin waɗanda suka haɗiyi ƙwayar ba sa ma jin komai, amma suna fitar da ita a bayan gidansu har tsawon kwanaki, shi ya sa ake cewa abin da ake gani a asibiti ɗan kaɗan ne daga abin da ke yawo a gari. Wanda ta kama da ƙarfi kuwa, gudawarsa fara ce tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, kuma babban mutum na iya zubar da kusan lita guda a sa'a ɗaya. Idanu su zurma, fata ta yamutse, murya ta dushe, jijiyoyi su ɗaure. Mutumin da ya tashi lafiya lau da asuba ana iya yi masa sutura kafin magariba. In ba a yi magani ba, mai tsananin cutar na kashe daga kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. In an mayar da ruwa a kan kari, bai kamata mace-mace su kai ɗaya cikin ɗari ba. Da wuya a sami wata cuta da bambancin kulawa da rashinta ya kai haka, da magani mai arha haka.

To ina ruwan yanayi? Hanyoyinsa biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Ambaliya tana cika masai ta tumbatsa, ta kwashi abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyi marasa zurfi, ta fasa bututun famfo, ta kori mutane su cunkushe a makarantu da sansanoni inda ɗaruruwa ke layin bayan gida ɗaya. Haka ta faru a unguwanni marasa magudanai na Lusaka, babban birnin Zambiya, a daminar 2023 zuwa 2024, har sai da gwamnatin Zambiya ta mayar da babban filin wasa na ƙasa wurin jinyar masu kwalara, ta kuma ɗage komawar yara makaranta. Fari kuma yana bi ta ɗaya hanyar: rijiyoyi su ƙafe, mutane da dabbobi su taru a kududdufi ɗaya, ɗan ruwan da aka samo a yi tattalinsa don sha da girki, wanke hannu ya zama almubazzaranci. A farin Somaliya na 2017 an ƙirga masu kamuwa fiye da 78,000. A Siriya, a 2022, an alaƙanta ɓarkewar da ruwan kogin Furat da ya ja baya ya kuma gurɓata, daga nan ta tsallaka Labanan, wadda rabonta da kwalara tun 1993. Zambiyar da ambaliya ta dama, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta ayyana fari a matsayin bala'in ƙasa. Wato a kaka ɗaya an ɗanɗana duka biyun.

Akwai kuma zafi. Ƙwayar tana rayuwa a ruwan bakin teku mai ɗan gishiri, maƙale da ƙananan halittun ruwa, kuma tana yaɗo idan ruwan ya yi ɗumi. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a shekarun El Nino, wato lokacin da ɗumamar tekun Pasifik ke rikita ruwan sama a duniya, taswirar kwalara a Afirka na sauyawa, gabashin nahiyar na samun ƙarin masu kamuwa kusan 50,000.

Sai dai a nan ina da ƙorafi kan yadda ake maganar. Tun da aka fara danganta kwalara da sauyin yanayi, wasu masu mulki sun samu wurin fakewa, kamar dai annobar daga sama ta faɗo tare da ruwan. Ana tafka ambaliya a Jamus da Japan, ba a jin kwalara ta biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce mutum wajen biliyan biyu da ba su da ingantaccen ruwan sha, da waɗanda suka fi haka yawa da ba su da bayan gida mai tsafta. Ruwan sama ba ya ƙirƙiro ƙwayar cuta. A Haiti an yi girgizar ƙasa a Janairun 2010, watanni tara suka wuce babu kwalara, sai da ƙazantar sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta malala cikin kogin Artibonit. Bayan cutar ta shiga ne guguwa irin Matthew ta 2016 ta riƙa rura ta, har cutar ta kama kusan mutum 820,000, ta kashe kusan 10,000. Abin da sauyin yanayi ya yi shi ne ya rikita kalandar. Da, ma'aikacin lafiya ya san watannin kwalara kamar yadda manomi ya san lokacin shuka. Yanzu tana zuwa ba a lokacinta ba, ta daɗe fiye da yadda ta saba, ta kuma tashi a ƙasashe da yawa lokaci ɗaya, kowa na neman kayan da ɗan'uwansa ke nema. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora farfaɗowar kwalara a matakin gaggawa mafi girma a ma'auninta. A wannan shekarar ƙasashe 45 suka ba da rahoton masu kamuwa fiye da 535,000. Masu kamuwa sun ƙaru da kashi 13 cikin ɗari a kan na 2022, mace-mace kuwa da kashi 71. Lamba ta biyun ce ya kamata ta hana ministocin lafiya barci, domin tana nufin mutane na mutuwa kafin su isa ga kulawa.

Mu yi ɗan lissafi, don a nan ake gane inda shirin yake. Ƙa'idar jinya ta ce wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai a ɗaura masa mililita 100 a kowane kilo na nauyinsa cikin sa'a uku. Mai kilo 60 ke nan zai sha leda shida ta ƙarin ruwa, kowace lita guda, kafin a ce ya dawo hayyacinsa, ban da na gaba. Irinsa ɗari za su lashe lita 600, fiye da rabin tan, a zubin farko kaɗai. Wannan kaya sai mota, mota kuma sai hanya, hanyar kuwa ruwa ya cinye gadarta. Ƙunshin garin gishiri da sukari kuwa nauyinsa giram 20 da ɗoriya ne, yana haɗa lita guda, mutum ɗaya zai goya ɗaruruwa a bayan keke ko ya saka a kwalekwale. Kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kwalara wannan ruwan kaɗai ya ishe su, muddin sun fara sha da wuri. Duk wanda ya fara sha a sa'ar farko, mai yiwuwa an rage mutum ɗaya daga layin masu jiran a nemo musu jijiya.

An daɗe da sanin haka. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya ana tsakiyar damina. Likita Dilip Mahalanabis, da ke aiki a garin Bangaon na Indiya, ya ga ledojin ƙarin ruwa sun ƙare, sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan durom, ya bar iyaye da dangi su riƙa shayar da majinyatansu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Abin mamaki shi ne, fiye da shekara hamsin bayan haka, yawancin tsare-tsaren gaggawa har yanzu sun fi ba da ƙarfi ga babbar cibiyar jinya a babban birni, wadda ake iya ɗauka a hoto, a kan ƙananan rumfunan shan ruwan gishiri da sukari a cikin unguwa, waɗanda ba sa bukatar komai sai inuwa, da bokiti mai murfi, da ruwa mai tsafta, da mutum ɗaya da aka koya wa gane wanda zai warke a nan da wanda dole a garzaya da shi gaba. Ƙasar da ta san gundumomin da ambaliya ke yankewa duk shekara, kuma kowace ƙasa ta sani, ya kamata kayanta su kwana a can tun kafin hadari ya haɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita kanta cibiyar jinyar tana cikin waɗanda bala'in ke bugewa, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Asibitin da aka gina a kwari, rijiyarsa kusa da masansa, injin ruwansa ya dogara da lantarkin gari, ranar ambaliya shi ma majinyaci ne. Wurin jinyar kwalara na bukatar wajen lita 60 na ruwa a kowace rana don majinyaci ɗaya. Yana bukatar gadon nan mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, wanda ke ba mai jinya damar auna abin da ya fita don ya san abin da zai mayar. Yana bukatar ruwan kulorin kala uku: mai kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, mai 0.2 na daɓe da tufafi, mai kashi 2 na amai da bayan gida da gawa. Idan waɗannan suka yanke, asibitin ya zama matattarar yaɗa cutar, masu zuwa dubiya su koma da ita gida. Tankin ruwa a sama, da lantarkin hasken rana maimakon janareta mai jiran mai, da ɗaga ɗakin ajiyar magani daga inda ruwa ke kaiwa, ba su da wani armashi a jawabin kasafin kuɗi, amma su ne ke raba asibitin da zai yi aiki a rana ta uku da wanda zai rufe.

Sai mutanen. Ma'aikaciyar jinya ita ma gidanta na iya kasancewa cikin ruwa. Kuma jinyar kwalara sana'a ce da hannu ke mantawa: samo jijiya a jikin wanda ya bushe, da sanin cewa yaron da tamowa ta kama ba a antaya masa ruwa kamar sauran domin zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, da lura da mai juna biyu wadda cikinta ke cikin haɗari, da ba yara sinadarin zinki, da ware maganin kashe ƙwayoyin cuta ga masu tsanani. Asibitin cibiyar binciken cututtukan gudawa da ke Dhaka, babban birnin Bangaladash, ya saba da tashin cutar sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. A 2022 ya riƙa karɓar majinyata fiye da dubu a rana, ya kafa tantuna a harabarsa, aiki bai tsaya ba. Sirrin ba wata na'ura ba ce, sabo ne. Inda cutar ba ta zuwa sai jefi-jefi, dole atisaye kafin kowace damina ya maye gurbin sabon.

Gano cutar da wuri yana da ɓangaren fasaha da na siyasa, kuma na fasahar ya fi sauƙi. Akwai ɗan tsinken gwaji da ke ba da amsa cikin mintuna, wanda ya isa ya tayar da ƙararrawa kafin ɗakin gwaje-gwaje ya tabbatar. Na siyasar shi ne wahala. Gwamnatoci da dama sun shafe shekaru suna kiran kwalara da "gudawa mai tsanani", don tsoron kada a daina sayen kayansu ko masu yawon buɗe ido su gudu. Tsoron yana da tushe: lokacin da cutar ta shiga Peru a 1991, an ƙiyasta asarar ƙasar da dala miliyan 770 ta fuskar ciniki da baƙi. Amma ɓoye suna na jinkirta rigakafi da kuɗi da gargaɗi ga jama'a, alhali makonnin farko su ne masu tsada. Maƙwabtan mai cutar su suka fi kowa haɗari a kwanakin farko. A kan wannan Haiti ta gina dabarar da ta taimaka mata: ƙananan tawagogi masu isa gidan da aka samu majinyaci cikin kwana biyu, su raba sabulu da ƙwayoyin tsaftace ruwa a gidajen da ke kewaye, su binciki inda ake ɗibar ruwa. Daga farkon 2019 ƙasar ta yi fiye da shekara uku ba a tabbatar da ko mutum ɗaya ba, kafin cutar ta dawo a Oktoban 2022, lokacin da 'yan daba suka tare babbar ma'ajiyar mai, ruwan sha ya yanke.

Inda yanayi ke ba da wata dama da yaƙi ko girgizar ƙasa ba sa bayarwa shi ne, ana iya hango shi. Ana ganin guguwa a tauraron ɗan'adam kwanaki kafin ta sauka, ana sanar da El Nino watanni kafin tasirinsa. A Yaman, bayan annobar 2017 da waɗanda ake zargin sun kamu suka haura miliyan ɗaya, an gwada haɗa hasashen ruwan sama na hukumar yanayi ta Birtaniya da bayanan cunkoso da na ruwan sha, aka riƙa nuna wa UNICEF gundumomin da za ta fara kai kaya. Sai dai hasashe ba ya sayen kulorin. Yawancin baitulmali da masu ba da tallafi ba sa sakin kuɗi sai an ƙirga gawa. Mafita ita ce a yanke shawara tun ana zaune ƙalau: idan kogi kaza ya kai tsayi kaza, kuɗi kaza ya fita ba tare da wani taro ba. An gwada haka a Bangaladash a Yulin 2020, inda asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 cikin sa'o'i kaɗan da fitowar hasashen ambaliya, tun ruwan bai kai ƙololuwa ba. A ganina wannan ne gyara mafi arha a duk jerin, kuma shi ne aka fi jan ƙafa a kai, domin jami'in da ya kashe kuɗi annoba ba ta zo ba shi ake tuhuma, wanda ya jira har ta zo kuwa sai a yaba masa da ƙoƙari.

Rigakafin kwalara, wanda sha ake yi ba allura ba, yana aiki, Beira shaida ce. Amma bai kamata kowace ƙasa ta ɗora shirinta a kansa ba. An kafa rumbun ajiyarsa na duniya a 2013. A Oktoban 2022 buƙata ta rinjayi abin da ake sarrafawa, har kwamitin da ke rabon ya koma ba da zubi ɗaya maimakon biyu don ya ishi mutane da yawa, duk da cewa kariyar zubi ɗaya ba ta daɗewa, kuma tana da rauni ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Kamfanin Indiya mai yin rigakafin Shanchol ya daina, aka bar kamfanin EuBiologics na Koriya ta Kudu shi kaɗai yana cika rumbun, wanda a farkon 2024 ya wayi gari babu komai a ciki. Amincewa da sabon samfurin Euvichol-S mai sauƙin haɗawa a Afrilun 2024 ya kawo sauƙi. Duk da haka, daga rubuta takardar buƙata zuwa saukar jirgi zuwa kai shi ƙauye cikin sanyi, makonni ne, cutar kuma da sa'o'i take lissafi.

Akwai wani abu da ma'aikatar lafiya ba ta so a faɗa: mabuɗin ba a hannunta yake ba. Mai kula da matatar ruwa, da mai kwashe masai, da direban tankar da ke sayar da ruwa a unguwannin da famfo bai kai ba, sun fi likita iko a kan ko annoba za ta tashi. A lokacin ɓarkewa ana so ragowar kulorin a ruwan da ya iso hannun mai sha ya kai rabin miligiram a lita, kuma ruwan ambaliya mai laka yana cinye kulorin, sai an fara kwantar da shi da alif ko an tace. Ko tacewa mafi sauƙi na da tasiri: binciken da masaniyar ƙwayoyin cuta Rita Colwell ta jagoranta a ƙauyukan Bangaladash ya nuna tace ruwa da tsohon zane da aka ninka sau huɗu ya rage kwalara da kusan rabi. Taswirar aiki da ƙawancen yaƙi da kwalara na duniya ya fitar a 2017, mai burin rage mace-mace da kashi 90 cikin ɗari kafin 2030, ta ginu ne a kan cewa cutar na komawa wurare ƙalilan da aka sani, don haka a can za a zuba jarin ruwa da tsafta. Wa'adin ya matso, alƙaluma kuwa baya suke yi.

A bazarar 1892 an yi zafi mai tsanani a arewacin Jamus, kogin Elbe ya ja baya, kwalara ta shiga Hambug ta kashe mutum wajen 8,600 cikin makonni. Garin Altona yana manne da shi, a wasu wuraren titi ɗaya ya raba su, kuma daga kogin ɗaya suke sha, Altona ma a ƙasa take, inda ƙazantar Hambug ke gangarowa. Amma Altona tana tace ruwanta da yashi, Hambug kuwa attajiran majalisarta sun shafe shekaru suna gardama kan kuɗin matatar. Gidajen wannan gefen titin suka yi ta fitar da gawa, na wancan gefen kuwa kaɗan cutar ta taɓa. A shekarar da ta biyo baya Hambug ta kammala matatarta.